Me Ya Kai Masana Nazarin Bori?

Wani mai sauraronmu daga Dubai yana tambaya: me ya kai malaman jami'a nazarin bori, alhali malaman addini sun yi hani da shi?

To Malam, nazarin abu daban, yin sa daban. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano, littafinsa na 1946 ya nuna yadda Musulunci ya sauya fahimtarsu game da iskoki. Fremont Besmer kuma ya yi rubutu kan 'yan bori da makaɗansu a 1983. Irin wannan aiki ne ya bambanta bori da bokancin Saberiya da Mircea Eliade ya bayyana a 1951: can ruhin boka ke fita yawo, nan iska ce ke hawan mutum. Kusa da kai ma, a gaɓar Tekun Fasha, akwai zar, ɗan'uwan bori, wanda ake dangantawa da Gabashin Afirka.

Wasu na cewa rubutun yana raya abin da ya kamata ya mutu. Ba mu ga haka ba. Likita ko malamin da ke son taimakon matar da aka kai girka, wato shigar da mutum bori, dole ya fara sanin abin da ya kai ta.