Ƙarya, Itacen Ado na Rani

Ya kai mai karatu, ka san karin maganar nan da a ke cewa, ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. To, akwai wani ɗan itace a ƙasarmu wanda a ke kira ƙarya, domin ana ganin furenta da yawa, amma ba safai a kan ga 'ya'yanta ba. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka dasa ta a gidanka, da yadda za ka tsare iyalinka daga dafinta.

Kamanninta

Ƙarya tana fitowa da kanta a busassun ƙasashe, tun daga Sanagal har Sudan, da gabashin Afirka, da ƙasar Larabawa. Sunan da masana suka ba ta ma daga birnin Adan na ƙasar Yaman aka samo shi. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, gama a nan ta ke ajiye ruwa. Tsawonta ya kan kai ƙafa 3 zuwa 10. Furenta ja-ja ne, bakinsa ya buɗe kamar na kakaki, da kunnuwa 5.

Ga abin da ya sa ta fi sauran itatuwan ado dacewa da mu. Da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, rijiya ta yi nisa, a lokacin nan ne ƙarya ta kan zub da ganye ta rufe kanta da fure. Mutumin da ba shi da ruwan da zai ɓata a kan lambu, yana da ikon ya ƙawata ƙofar zaurensa da ita.

Yadda a ke dasa ta

Da bazara, kafin ruwa ya zauna, ka nemi reshe lafiyayye mai kaurin babban yatsa. Ka yanke shi da wuƙa mai kaifi, tsawon taƙi ɗaya. Kada ka dasa shi nan da nan. Ka ajiye shi a inuwa, inda yara ba za su kai gare shi ba, kwana 3 zuwa 7, har bakin yankan ya bushe. Ɗanyen yanka in ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓewa ya ke yi.

Sa'an nan ka sami tsohuwar tukunya, ka huda gindinta. Ka zuba tsakuwa ko fasassun katanga a ƙasa. Ka gauraya rairayi mudu 2 da ƙasar gona mudu 1, da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka cika tukunyar. Ka kafa reshen zurfin yatsa ɗaya, ka danna ƙasa kewaye da shi. Bayan kamar mako 4 zuwa 6 sai ya yi saiwa, sabon ganye kuwa shi ne shaida. In a ƙasa ka ke so ka dasa, zaɓi tudu inda rana ta ke bugawa wuni, kada ka sa ta a kwari ko ƙarƙashin indararo.

Ka sani kuma ƙarya ta kan yi 'ya'ya wani lokaci, biyu biyu, kamar ƙahonin akuya. In sun fashe za ka ga iri mai gashi. Ka cire gashin, ka shuka irin tun yana sabo, zai tsira cikin mako 1 ko 2. Wadda ta fito daga iri ita ce mai babban gindi, amma ta reshe ta fi saurin fure.

Ban ruwa

A nan ne mutane da yawa su kan yi hasara. Ƙishirwa ba ta cika kashe ƙarya ba, yawan ruwa ke kashe ta. Kafin ka ba ta ruwa, tura yatsanka cikin ƙasa. In ka ji danshi, bar ta. In ka ji ta bushe, zuba har ruwa ya ɗiga ta hujin tukunya, kana ka ƙyale ta. Da hunturu in ganye ya zube, kada ka tsorata ka yi ta ɗura mata ruwa, hutawa ta ke yi. Da tsakiyar damina kuwa ka ja tukunyar zuwa inda ruwan sama ba zai kwanta a cikinta ba. In ka taɓa gindin ka ji ya yi laushi, ruɓa ta shiga. Maza ka yanke reshen da ke da lafiya ka sāke dashe.

Gargaɗi

Ruwan da ke fita daga jikin ƙarya dafi ne mai taɓa zuciya. A wurare da dama na Afirka maharba sun shafa shi a kibiya. Saboda haka ka kiyaye abubuwan nan:

1. Ka dasa ta inda ƙananan yara da awaki ba su kai wa.
2. In ka yanke ta, wanke hannunka da wuƙarka da sabulu kafin ka ci abinci.
3. In ruwanta ya shiga ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta, a tafi wurin likita.
4. Kada a yi asuwaki da ita, kada kuma a sha ta domin magani.
5. In yaro ya tauna ta, kada a jira sai ya fara amai. A kai shi asibiti nan take, a riƙe guntun reshen a nuna wa likita.

Wanda ya san wuta ba ya ƙin hura ta, sai dai ya yi mata murhu. Haka ƙarya ta ke. In ka zaɓa mata wuri, ka rage mata ruwa, ka faɗa wa mutanen gidanka halinta, za ta shekara da shekaru tana yi maka ado a lokacin da sauran itatuwa suka yi fari da ƙura.