Koya wa Yaro Bambanta Bayani da Tambaya a Turanci

Yaron da ya tashi da Hausa, in ya ce wa malaminsa "You are coming?", ba daƙiƙanci ba ne. Tsarin harshen uwarsa ya bi. A Hausa, "Musa ya dawo" da "Musa ya dawo?" kalmominsu ɗaya ne, murya ce kawai ke tashi, ko a ƙara "shin" ko "kuwa". Turanci kuwa sai an taɓa jerin kalmomin. Nan gizo ke saƙa, kuma iyaye na iya warware matsalar a tsakar gida.

1. Ku fara da Hausar da ya iya. Ku ce "Sun zo jiya", ku sa ya tambayi lokacin. Zai ce "Yaushe suka zo?" Ku nuna masa yadda "sun" ya koma "suka" a bakinsa ba tare da wani ya koya masa ba. Daga nan zai yarda cewa tambaya kan sauya fasalin zance.

2. Ku nemi kwalin sukari ko na shayi, ku yanka shi gida uku, ku rubuta Amina, is, cooking, ɗaya a kan kowanne. Ku jera a tabarma ya karanta. Sannan ya ɗauki "is" da hannunsa ya kai shi gaba: "Is Amina cooking?" Na gwada wannan da 'yar ƙanwata mai shekara 7, wadda ta yi wata guda ana fama da ita a aji. Ta dubi kwalayen, ta matsar, ta mayar, ta sake matsarwa, sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe is ɗin ne ke tsallakowa gaba!" A ganina babu dabarar da ta kai wannan, domin abin da hannu ya yi ba ya saurin ɓacewa. Haka za ku yi da are, was, can da will.

3. Do, does da did su ne masu wuya, kada ku yi gaggawa. A "Bala likes tea" babu kalmar da za ta tsallako, sai an aro "does". Da ta shigo, sai "s" ɗin "likes" ta faɗi: "Does Bala like tea?" Haka "went" ke komawa "go" bayan "did". Ku datse "s" ɗin a ƙaramin kwali nata daban, yaro ya cire ta da kansa.

4. Kalmomin tambaya shida: who wa, what me, where ina, when yaushe, why don me, how yaya. Su ma suna jawo tsallaken: "Where are you going?"

5. Bayani na ƙarewa da aya, tambaya da alamarta. Ɗalibin Islamiyya kan rubuta alamar a juye, don haka take fuskanta a littattafan Larabci. Ku nuna masa biyun gefe da gefe.

6. "Isn't it" da muke liƙa wa kowace jimla, "ko ba haka ba" ce muka sa wa rigar Turanci. Ku ajiye wannan darasi sai ya ƙara wayo.

7. Ku bar yaro ya riƙa tambaya. A gidajenmu mai yawan tambaya shi ake cewa ya cika surutu, alhali wanda kullum amsa kawai yake bayarwa ba zai iya gina tambaya ba. Ku ɓoye wani abu a kwano ku rufe da faifai, shi kuma ya yi ta nema: "Is it a spoon?" "Is it an onion?" Naku yes ko no kawai. Iyayen da ba su yi boko ba ma za su iya wannan, yaya ko yayar yaron na gyara masa.

Iyaye, don Allah ku ware minti 10 bayan sallar isha'i, ku shimfiɗa tabarma, ku fito da kwalayen.