Yadda Ake Zaɓen Sabon Batir Domin Motar Gona Mai Fowil

Gabatarwa

Mota mai fowil, irin su Hilux da Land Cruiser, ita ce ke kai taki da iri ƙauyuka, ta kuma fito da amfanin gona idan hanya ta lalace da damina. In batirinta ya mutu a daji, kayan gwari na iya ruɓewa kafin a samo makanike. Saboda haka, ya kai manomi ko malamin gona, kada araha ta zaɓa maka batir. Bi abin da injin motarka ke bukata.

Kafin Ka Saya

Tabbatar cewa batirin ne ya lalace. Sa mai gyaran wayar mota ya auna maka da mita. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6 idan injin na kashe. In an tayar da injin, ya kamata mitar ta nuna wajen 14. Idan ba ta kai haka ba, mai yiwuwa altaneta ce ba ta caji, kuma sabon batir ma zai mutu.

Abubuwan Dubawa

1. Ƙarfin wuta: Yawancin motocin nan 12V suke amfani da shi. Wasu masu injin dizal suna haɗa batir biyu. Irin waɗannan a canza su tare, kuma su zama iri ɗaya.

2. Ƙarfin tayarwa: Shi ne lambar da ke tare da haruffan CCA. Injin dizal ya fi na fetur nauyin juyawa, don haka ya fi bukatar wuta. Kada ka sayi wanda lambarsa ta gaza abin da littafin motar ya ƙayyade.

3. Yawan ajiya: Lambar da ke tare da Ah tana nuna yawan wutar da batir ke riƙewa. Idan ka ƙara wa motar fitilu, nemi mai lamba babba, muddin zai shiga mazauninsa.

4. Girma da kawuna: A lamba irin 95D31L, 31 na nufin tsawon batirin wajen santimita 31 ne, L ko R kuma na nuna ɓangaren da kawunan suke. In ka saɓa harafin, wayoyi ba za su kai ba.

5. Ranar ƙira: Batir yana rage ƙarfi ko yana ajiye a shago. Guji wanda ya wuce wata shida, kuma ka karɓi rasit da takardar garanti.

6. Iri: Batirin sola ko na inbata an yi shi ne don ba da wuta a hankali, ba domin tayar da inji ba.

Ɗorawa da Kulawa

Wajen cirewa, fara kwance kan da ke da alamar (−). Wajen ɗorawa kuwa, shi za ka ɗaura a ƙarshe. Ɗaure batirin tamau, domin girgizar hanyar karkara na farfasa farantansa na ciki. Zafi ma na ƙafar da ruwansa, saboda haka riƙa dubawa duk wata idan mai murfi ne. Ƙara ruwan batir kawai, ban da asid ko ruwan rijiya. Kada a kusanto da wuta ko sigari, domin batir na fitar da iska mai kamawa.

Kammalawa

Tsohon batir na ɗauke da dalma da asid, kuma dalma guba ce, musamman ga yara. Kada ka fasa shi ko ka yar a gona ko kusa da rijiya. Mayar wa mai shago. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi sashen gyaran injuna na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharka.