Yadda Baƙo Zai Sami Abinci Mai Kyau A Babban Birni

Da wuya shekara ta ƙare ba tare da aiki ya kai hakimi ko magatakardansa wani babban birni ba, ko don taro, ko rakiyar Sarki, ko kai marar lafiya asibiti. Akan shirya mota da masauki da takardu tun da wuri, amma batun abinci sai a bar shi sai an isa. Wannan ganganci ne, gama wanda ya kwana yana zawo ba ya iya zaman taro da safe, ga shi kuɗin guzuri ya tafi wajen magani. An ɗauki Ikko, watau Legas, ta zama misali a darasin nan, domin ta fi kowane birni na Nijeriya yawan jama'a, abincinta kuwa ya sha bamban da na Arewa. Abin da aka faɗa a kanta ya shafi sauran manyan birane.

1. Wanda Za A Tambaya

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Amma fa ba kowane ɗan gari ba. Ɗan kamasho na tasha da direban hayar da aka tsinta a filin jirgin sama sau da yawa suna da ladansu a wurin da za su kai baƙo, saboda haka shawararsu tana bin aljihunsu. Wanda ya kamata a tambaya shi ne mazaunin da ba shi da riba cikin al'amarin: mai masauki, ko limamin masallacin unguwa, ko ma'aikacin ofishin da aka zo wurinsa. Kada a ce masa, “Ina ne wuri mai kyau?” don zai nuna wurin masu tsada saboda girmama baƙo. A tambaye shi inda shi kansa yake ci, da inda yake sayo wa iyalinsa.

Ɗan Arewa ba ya rasa nasa a Ikko. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta zama a can, har suka kafa unguwanni masu sarakunan Hausawa. Akwai Agege kusa da Ikeja, inda filin jirgin sama da sakatariyar jihar suke. Akwai Idi-Araba, maƙwabciyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Akwai Obalende tsakanin Tsibirin Ikko da Ikoyi, wadda ta yi suna wajen tsire. Akwai kuma kasuwar Mile 12, inda ake sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. A waɗannan wurare ana samun tuwon shinkafa da miyar kuka da waina da shayi kamar a gida. Sai dai magatakarda ya tuna da cunkoson motoci: tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba tana iya cin sa'a biyu. Don haka a nemi wurin ci kusa da masauki ko kusa da wurin taro.

2. Abin Da Ido Zai Duba

Bayan an nuna wa baƙo wuri, saura binciken kansa. Fenti da fitilu da babban allo a ƙofa ba su ne shaidar tsabta ba. Abubuwa huɗu ne shaida.

Na farko, wuta. Ƙwayoyin cuta ba su jure zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa dafa abinci har ya kai zafin digiri 70 yana kashe kusan dukkansu, kuma dafaffen abincin da ya huce ya wuce sa'a 2 a ajiye ba abin amincewa ba ne. Tukunyar da ke kan wuta tana tururi ta fi farantin da aka jera cikin gilashi tun safe, kome kyaunsa. Tsire ma a sa mai shi ya mai da shi kan garwashi a gaban mai saye.

Na biyu, ruwa. A dubi inda ake wanke kwanuka. In bokiti ɗaya ne ake ta tsoma su ciki har ruwan ya yi kauri, a tashi. A dubi ruwan wanke hannu, ko zubawa ake yi daga buta ko famfo, da sabulu, ko kuwa kwano ɗaya ne kowa ke tsoma hannu. Ruwan sha ya zama na kwalba ko na leda wanda ba a buɗe ba, mai lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. A guji ƙanƙarar da ake jefawa cikin abin sha, gama sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Ɗanyen latas da kabeji da yankakkiyar kankana su ma da ruwa aka wanke su, ba a kuwa san wane iri ba. Ayaba da lemo da mutum zai ɓare da hannunsa sun fi aminci.

Na uku, jama'a. Inda ma'aikata da 'yan kasuwa suke layi da azahar, tukunya ba ta kwana. Wurin da ya yi tsit a lokacin cin abinci, a tambayi kai yaushe aka dafa abin da ke ciki.

Na huɗu, hannun mai zubawa da kewayen wurin. Wanda ke karɓar kuɗi da hannun da yake taɓa nama, da rumfar da ke bakin kwata, da abincin da ƙuda ke sauka a kai babu murfi, duk abin gudu ne.

3. Halal Da Sabon Abinci

Musulmi suna da yawa cikin Yarbawan Ikko, shanun da ake yankawa a babbar mayankar Oko-Oba a Agege kuwa galibinsu daga Arewa suke zuwa. Duk da haka wajibi ne a yi tambaya, musamman a manyan otal-otal da gidajen abincin baƙi na ƙasashen waje, inda akan sa naman alade ko giya cikin girki. Naman daji busasshe ma ba a san yadda ya mutu ba. Inda aka yi shakka, kifi da ƙwai da wake sun isa.

Ba laifi ba ne mutum ya ɗanɗana abincin masu gari a rumfunan da suke kira buka, da yawansa ma ɗan'uwan na gida ne da wani suna. Amala tuwon garin doya ce, ewedu miyar lalo ce, gbegiri miyar wake, iyan sakwara, akara ƙosai, moin-moin alale, ponmo kuwa ganda. Bambancin shi ne yawan manja da attaruhu. Cikin da ya saba da man gyaɗa yakan ɓaci ko da abincin tsabtatacce ne. Saboda haka a fara da kaɗan, kada kuma a gwada sabon abu a daren da za a wayi gari da taro.

4. Kuɗi

A san farashi kafin a zuba. A buka kowane yanka na nama da kuɗinsa dabam. A manyan wurare akan ƙara haraji da ladan hidima a kan abin da aka rubuta, harajin saye kaɗai an mai da shi kashi 7.5 cikin 100 a 2020. Magatakarda ya karɓi rasit, ya rubuta abin da aka kashe a ranar, don lissafi ya fita sarai wurin ma'aji. Tsada ba ta tabbatar da tsabta, amma araha ma ba ta ado: abincin da aka karya kuɗinsa da daddare sau da yawa ragowar na safe ne.

5. Haɗarin Da Ke Bin Mutum Gida

Wannan shi ne ya fi shafar hakimi. Cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta kuma sake ɓarkewa a Ikko a 2024. Ruwa da abincin da najasa ta taɓa ne hanyarta. Takan bayyana tsakanin sa'a 12 da kwana 5 bayan an ci. Zazzaɓin taifot kuwa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Ashe ke nan mutum yana iya dawowa gida da alamar lafiya, alhali yana ɗauke da cuta, daga bayan gidansa ta kai ga rijiyar unguwa. Farantin da mutum ɗaya ya ci a birni yana iya kwantar da ƙauye.

In zawo ya kama wani cikin ayari, a ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuwa ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani. In zawon ya yi fari kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko da zazzaɓi, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. In an riga an dawo gida, a sanar da malamin asibiti da duba-gari.

Aikin Magatakarda Kafin Tashi

(a) Ya sami sunan mazaunin da za a tambaya, ya yi magana da shi tun daga gida.
(b) Ya tanadi guzurin da ba ya lalacewa, kamar kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli, don daren isowa.
(c) Ya sa sabulu da ƙunshin gishiri da sukari cikin kaya.
(d) Ya gargaɗi direba da dogarai da sauran 'yan rakiya, gama su ne suka fi ci a bakin titi.
(e) In an dawo, ya rubuta wuraren da aka ci aka ji daɗi, ya ajiye a ofis don amfanin wanda zai tafi nan gaba.