Fassarar Kalma Ɗaya a Bakin Gadon Asibiti: Sefsis da Kare Huhun Majiyyaci

Gabatarwa

A darasin fassara an koya mana cewa mai fassara ɗan aike ne, ba ya ƙari ba ya ragi. Ban san nauyin wannan magana ba sai a watan Agusta na 2022, lokacin da muka kai kawuna wani asibiti a Kafanchan. Manomin citta ne a wajen Kwoi. Fartanya ce ta sare shi a ƙafa, ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da aiki. Bayan kwana biyar sai zazzaɓi, sai haki, sai sambatu. Wannan ƴar maƙala za ta duba cutar da ta kama shi, da yadda ake kare huhu daga ɓarnarta, da kuma wurin da ɗalibin harshe ya shigo cikin lamarin.

Kuskurena

Likita ya yi bayani da Turanci, ya ce sefsis ce. A Kudancin Kaduna za ka tarar da mai jin Jju da mai jin Tyap da mai jin Hyam a ɗaki guda, Hausa ce ke haɗa su. Don haka dangi suka juyo gare ni, tun da ni ne mai karatun Hausa a jami'a. Na ce, "Guba ce ta shiga jininsa." Kafin magariba an fara tambayar wa ya ba shi abinci a gona, matarsa kuma ta ce a mai da shi gida, ai sammu ba na asibiti ba ne. Da kyar aka shawo kanta. Kalmata ce ta jawo haka.

Sefsis ba guba ba ce da wani ya zuba. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta miki, ko ta ciwon haƙarƙari, ko mafitsara, ko mahaifa bayan haihuwa. Jiki ya tashi yaƙarsu, sai yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma ɓarnar gaɓoɓin jikin kansa. An ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai mutum miliyan 11 ta kashe a duniya.

Abin da ke samun huhu

Huhu cike yake da ƴan jakunkunan iska, kowace kewaye da ƙananan jijiyoyin jini. Idan sefsis ta tsananta, bangon jijiyoyin nan yakan yi rauni ya riƙa yoyo, ruwa ya tsattsafo cikin jakunkunan. Majiyyaci na jan numfashi amma iskar oksijin ba ta isa jini. A 1967 likitoci a birnin Denba na Amurka suka fara bayyana wannan yanayi a rubuce, a kan majiyyata 12. Har yau babu wata ƙwaya ko allura da ke hana shi kai tsaye. Rigakafin yana cikin saurin magance tushen cutar da kuma kauce wa abin da zai ƙara wa huhu nauyi.

Sauri shi ne na farko. Babban mutum mai zazzaɓi da ke numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya, ga ruɗewa, ga jini ya sauka, ba na kantin magani ba ne. Idan jini ya faɗi sosai, ana so a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya, a kuma wanke mikin ko a fitar da mugunya.

Sai maganar ƙarin ruwa, wadda a nan na fi son mai karatu ya tsaya. Mutanenmu na auna kulawar asibiti da yawan ledar ruwan da aka rataya. Da aka rage gudun ruwan Kawu, matarsa ta tare malamar jinya: "Ƴata, kin ga jikin babu ƙarfi, ki sake masa ruwan mana." Ita kuwa ta ce, "Mama, tulun da ya tsage, in kika ƙara masa ruwa ɗaki zai jiƙe. Huhunsa ne ɗakin." Ban taɓa jin fassarar da ta kai wannan ba, kuma ba ta zauna ajinmu ko sau ɗaya ba. Ruwa na ceton rai idan jini ya sauka, amma da awo. Wani bincike da aka fitar a 2011 kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. Likitoci da yawa ba su zaci haka ba.

Akwai kuma abin da ke hannun masu jinya. Ɗura wa mai magagi kunu, don kada a ce an bar shi da yunwa, na iya sa ya ƙware abincin ya gangara huhu. A bari sai ya farfaɗo, a kuma ɗaga kan gadonsa kada ya kwanta shame-shame. Ga wanda ya kai ga na'urar taimaka wa numfashi, binciken da aka yi a Amurka a 2000 ya nuna cewa rage yawan iskar da ake hura masa zuwa rabi ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31. Kawu bai kai can ba. Oksijin ta hanci da ƴar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa su suka wadatar, aka sallame shi a kwana na goma sha ɗaya.

Wace kalma ke nan?

"Gubar jini" gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, amma a kunnen mutanenmu guba tana da mai ita. "Ruɓar jini" kuma takan sa dangi su fid da rai. Aron kalmar a ce "sefsis" ba laifi ba ne, haka muka yi da taifot da maleriya, sai dai dole a biyo ta da bayani. Ni yanzu in aka tambaye ni cewa nake yi: ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta mikin, jiki ya harzuƙa yana yaƙarsu har yana ji wa kansa rauni, ba kuma hannun kowa a ciki. Jumlar ta yi tsawo, na sani. Duk wanda ke da gajeriya a cikinku ya kawo mu gwada ta a kan matar Kawu, don har gobe ba ta gaisawa da maƙwabcinsu na gona.