Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

A ƙasar Sudan akwai wani fili mai faɗi tsakanin rassa biyu na Kogin Nilu, ana ce da shi Jazira. Hukuma ta yi tunanin datse kogin don a noma auduga da ban ruwa. Amma aikin na kuɗi ne masu yawa, ba kuwa wanda ya tabbata auduga za ta karɓi ƙasar.

Saboda haka ba a fara da madatsa ba. Cikin 1911 aka kafa injin jawo ruwa a Tayiba, kusa da Wad Madani, aka yanka wa manoman wurin 'yan gonaki. Abu uku ake son sani: ko ƙasar za ta yi auduga, ko talakawa za su iya aikin, ko ribar za ta biya wahalar. Auduga ta yi kyau, har waɗanda suka ƙi da fari suka zo neman gona. Gani ya kori ji. Cikin 1913 Gwamnatin Ingila ta tsaya lamunin bashin fam miliyan 3. Aka sāke gwaji a Barakat cikin 1914. Sa'an nan aka gama madatsar Sinnar cikin 1925, ta shayar da eka wajen 300,000.

A nan ƙasar kuwa, cikin 1949 aka buɗe babban aikin noma a Mokwa bisa koyi da Jazira, amma ba a fara da ƙaramin gwaji ba. Aka sayo motocin noma, aka ba kowane magidanci eka 24. Mota ta yi huɗa, amma cire ciyawa sai da hannu, ya kuwa fi ƙarfin gida guda. Ciyawa ta ci amfani, hasara ta yi yawa, kamfanin ya janye cikin 1954.

To, in an kawo wa hakimi wata sabuwar dabara, ko ta iri ce ko ta taki, kada ya ɗora wa gunduma duka. Ya zaɓi ƙauye guda da manoma kaɗan masu so, a gwada a gonakinsu, kusa da gonar da aka noma yadda aka saba. Malamin hakimi ya rubuta kwanakin aiki, da kuɗin da aka kashe, da buhunan da aka samu, kada ya ɓoye hasara don faranta ran manya. In gwaji ya ɓaci, damina guda aka rasa a gona kaɗan. In babban aiki ya ɓaci, abincin talakawa ne ya tafi, da amincewarsu.