BABI NA TARA: Haruffan Ado Masu Dunduniya da Matsalar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

9.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan nau'in haruffan da ake gani a bayan rigunan 'yan ƙwallo da kyallayen sanarwar gasar wasanni ta makarantu, tun daga 'Yankwashi da Kazaure har Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Manufa ita ce ɗalibi malami ya san siffarsu da kuma illar da sukan yi wa ƙa'idojin rubutun Hausa.

9.1 Siffa da Asali

Harafi mai dunduniya shi ne wanda aka toshe ƙarshen kowace sanda tasa da ɗan gungume mai kusurwa, wanda kaurinsa ya yi kusa da na jikin harafin. Idan aka zana gefensa kawai, aka bar cikinsa fayau, shi ake kira harafin fanko.

An fara ganin wannan salo a Landan, ya kuma fito cikin littafin samfurin haruffa na Vincent Figgins mai ɗauke da shekarar 1815, domin buga tallace-tallacen da za a hango daga nesa. A 1845 aka fitar da Clarendon, a 1934 kuma kamfanin Monotype ya fitar da Rockwell. Kwalejojin Amurka sun riƙa ɗinka irinsu a rigunan 'yan wasansu, shi ya sa har yau suke tuna wa mai kallo filin wasa da zamanin da.

9.2 Inda Gizo Ke Saƙa

Yawancin waɗannan haruffa don Ingilishi aka tsara su, saboda haka babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. Mai buga kyalle yakan jefar da lanƙwasar, sai ma'ana ta sauya:

(a) ƙwallon ƙafa ya koma kwallon kafa
(b) manyan baƙi su koma manyan baki
(c) Ɓaɓura ta koma Babura

Haka kuma alamar ɗauri ta 'y, kamar a 'Yankwashi, takan ɓace cikin siraran layukan harafin fanko. Yaron firamare da ke ganin kuskure a rubuce da manyan haruffa kullum, shi zai ɗauka daidai ne, ko da malami ya gyara a allo.

9.3 Shawara ga Malami

Kafin a ba da aikin bugu, malami ya gwada salon da kalmomi kamar ɓauna da ɗaki da ƙofa. Idan babu lanƙwasa, a sauya salo, ko a zana ta da hannu daidai da kaurin harafin. A taƙaita harafin fanko ga take da lambobin riga, kada a rubuta doguwar jimla da shi, domin yana gajiyar da ido.

9.4 Auna Fahimta

1. Bambanta harafi mai dunduniya da harafin fanko.
2. Tattaro rubuce-rubuce biyar daga alluna ko rigunan wasa na garinku, ka gyara ƙa'idar rubutunsu.